Jarumin da Ba Ya Jin Ƙishirwa

Littattafan yaƙi sun fi kowane irin rubutun Hausa samun kunne a nan Gadarif. Galibin matasanmu da Larabci suka yi makaranta, boko bai zauna musu a ido ba, don haka a waya suke sauraro: wani ya karanta a Kano, ya ɗora a YouTube, a yanka a watsa ta WhatsApp. Sunan Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya kai rumfunan shayin da shi kansa bai san da su ba. Ni ma ina cikin masu sauraro, kuma aikina na rediyo ya sa na san yadda ake kama mutum da murya. Ƙorafina guda ne, amma babba: yawancin labaran nan ba su da ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsu.

Ka saurari goma daga cikinsu. Jarumi zai bar birnin sarki, a ce ya yi tafiyar kwana arba'in, ya shiga daji na farko, ya kashe dodo, ya shiga na biyu. Gabas ya nufa ko yamma? Dokinsa me ya sha? Wannan birni mai dakaru dubu ɗari bakwai, wa ke noma masa hatsi, ta wace hanya ake shigo da shi? A littafi na ɗaya tsakanin birane biyu wata uku ne, a na huɗu kuwa ɗan aike ya je ya dawo kafin la'asar, ba tare da an ce tsafi ya yi ba. Wani zai ce ai almara ce. Ni kuwa na ce almarar ce ta fi bukatar doka, domin idan komai na iya faruwa a ko'ina, babu dalilin da zai sa gabana ya faɗi saboda jarumin.

Wataƙila zaman Gadarif ne ya sa abin ke ci mini rai. Garin nan rumbun dawa da riɗi ne na Sudan, amma ruwan shansa daga Shuwak ake turo shi, daga kogin Atbara, tafiyar kilomita masu yawa, sauran kuma sai amalanken jaki da hafir, wato tafkin da ake haƙa don tare ruwan sama. Ƙasarmu baƙar laka ce, da rani ta tsage, da damina ta riƙe tayar mota kamar ta rantse. Ƙauyen da kake zuwa cikin awa biyu a watan Maris, a Agusta sai ka yi ta sallama da shi daga nesa. Kakanninmu kuma da ƙafa suka zo, ta Barno, Abeshe, Jinaina, Fashir da Ubayyid, wasu suka shekara goma a hanyar Makka suna noma suna gaba. Mutumin da ya tashi da wannan tarihi a gidansu, in ka ce masa kwana arba'in, zai tambaye ka rijiya nawa.

Ba wai marubutan Hausa ba su taɓa iyawa ba. A cikin littattafan gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana tafiya ne a kan ƙasa mai nauyi. Uwar Umar ta bi sawun ɗanta har Murzuk da Tarabulus, kuma nisan nan shi ne ciwon labarin, ka cire Hamada babu abin da ya rage. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya fi sakin jiki da garuruwa, yana tsalle daga wannan zuwa wancan, amma shi na yafe masa, don mai ba da labarin gwanin zuba ne da ke cika baki a gaban jama'a, kuma dariya muka zo yi. Matsalar ita ce jikokinsa sun gaji tsallen, suka bar barkwancin, suna so mu ɗauki yaƙinsu da gaske.

A ƙasashen Turawa masu irin wannan rubutu sun daɗe da gano maganin. Tolkien ya faɗa a wata wasiƙa cewa da taswira ya fara, sannan ya sa labarin ya bi ta. Yana lissafa tafiyar mutanensa rana rana, har da tsayuwar wata, ɗansa Christopher ne kuma ya zana taswirar da aka buga tare da littafin a 1954. Da wasan Dungeons & Dragons ya fito a 1974, sai abin ya tashi daga hannun marubuci guda ya koma tsakiyar tabarma: mutum huɗu ko biyar, kowa ya ɗauki hali ɗaya, ana jefa ɗan lido, ana ƙirƙirar labarin tare. Wanda ya fi burge ni shi ne The Quiet Year na Avery Alder, na 2013. Farar takarda ake shimfiɗawa da karta 52, kowace ɗaya mako guda ce a rayuwar wata al'umma da ta tsira daga yaƙi. Wanda layi ya zo kansa ya ja karta, ya amsa tambayar da ke jikinta, ya zana amsar a takardar. Tun farko ake yanke abin da garin ke da shi a yalwace da abubuwan da yake ƙaranci. In ɗan'uwanka ya zana abin da bai yi maka ba, ba ka da ikon gogewa, sai dai ka ɗauki ɗan ƙwallo ka ajiye a gabanka alamar ka ƙullace shi.

Wannan doka ta hana gogewa ita ce abin da marubucinmu mai zaman kaɗaici ya rasa. Shi in ya matsu sai ya matsar da dutse. A taswirar tarayya kuwa, dutsen na wani ne, yana zaune yana kallonka.

Kada a ce baƙon abu ne. Birnin Jangare na 'yan bori, ko me mutum ya ɗauke shi ta fuskar addini, misali ne na wurin da baki da yawa suka gina. Tremearne ya ji labarinsa wajen Hausawan Tunis da Tarabulus ya rubuta a 1914, Fremont Besmer ya tarar da shi a Kano da gidajensa goma sha biyu ya rubuta a 1983. Babu mawallafi, amma kowane iska an san gidansu, an san maƙwabcinsa, kuma mai garaya bai isa ya sauya masa unguwa don son ransa ba. Haka taswirar da aka yi wa Clapperton a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, wadda ta ja kogin Kwara gabas ta nufi da shi Nilu. A ma'aunin yau kuskure ne, amma hanyar da zukatan mutane ke bi ta zana, hanyar da mutanen Mai Wurno suka bi bayan Burmi a 1903 har suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu.

Tun da yaƙin Afrilun 2023 ya tarwatsa karatu, na ga wasu ɗalibai a unguwarmu suna gwada irin wannan wasa a bayan kwali, kuma ba zan yaba musu kyauta ba. Zanensu na farko kwafi ne: fadar dutse mai hasumiya, tsaunin ƙanƙara, sunayen birane masu ƙamshin Farisa. Kowa na son birninsa a tsakiya, kogi ya ratsa ta ƙofar gidansa, babu mai karɓar fako. Kogunansu suna rabuwa biyu suna hawa tudu, alhali Atbara da Sitit na nan kusa suna nuna musu cewa ruwa haɗuwa yake yi yana gangara. Abin ya fara zama labari ne ranar da wata yarinya da ta gudo daga Madani a Disambar 2023 ta zana gada guda ɗaya tak a kan babban kogin, ta ce a gaya mata wa ke riƙe da ita. Sun kwana uku suna gardama. Daga gadar nan aka sami kasuwa, aka sami masu karɓar haraji, aka sami masu fito da kwalekwale da dare, aka sami dalilin yaƙi wanda ya wuce sace gimbiya.

Inda na fi jin tsoro shi ne lokacin raba ƙabilu. Hannu na saurin zana da'ira ya ce nan ƙasar wane ce tun fil azal, can kuma mazaunin mugaye, baƙaƙe masu jajayen ido. Littattafan yaƙi cike suke da wannan, wasannin Turawan ma sun sha suka a kansa. Mu Hausawan Sudan bai kamata mu zana irin wannan da'ira da wasa ba. A Yulin 2022 an zubar da jini a jihar Shuɗin Nilu a kan tambayar ko Bahaushe na da ikon sarauta da ƙasa a inda aka haifi kakansa, har zanga-zanga ta kai Kasala da nan Gadarif. Taswirar da ba ta da wurin baƙo, ba ta da zango, ba ta nuna wanda ya zo bara da wanda ya zo shekara ɗari da suka wuce suna sha a rijiya ɗaya, taswirar masu korarmu ce, ko da dodanni aka cika ta.

Ga marubutan yaƙi na Kano da Kaduna, abin da nake roƙo bai kai kuɗin bugun bango ba. Ku haɗu ku huɗu, ku shimfiɗa takarda, ku yarda da ƙasa guda da kowa zai riƙa kafa labarinsa a ciki, ku sa ma'aunin tafiyar raƙumi a gefe. Mu da ke karantawa a iska za mu iya gaya wa mai sauraro inda jarumi yake tsaye, da kwana nawa ya rage masa kafin salkarsa ta bushe.