Jinjina ga masu gasa pupusa

A El Salbado, can Amurka ta Tsakiya, ƙarar tafin hannu daga madafa ke shaida gidan abinci na gaskiya. Mata ne ke cura ƙullin masara, su cusa masa cuku da wake ko furen loroko, su daddaɓe shi tsakanin tafukansu, su ɗora a kasko har cukun ya tsattsafo ya ƙone a gefe. Pupusa ke nan, kuma mai sana'ar kirki ba ta gasawa sai an nema. Da hannu ake ci, da kabeji mai tsami da romon tumatir. Tun 2005 ƙasar ta ware wa pupusa Lahadi ta biyu a Nuwamba. Musulmi dai ya tambaya tukuna: wasu naman alade ake cusa musu.