Ƙidayar Ambato a Matsayin Ma'aunin Masanin Sinadarai: Tarken Binciken Ziyolait a Arewacin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi tarken wani ma'auni da ya sami gindin zama a jami'o'inmu, watau auna darajar manazarci da yawan takardun da ya buga, da kuma yawan ambaton da wasu manazarta suka yi musu. Za mu gwada ma'aunin a kan binciken ziyolait, mu dubi Zariya inda ake aikin, sa'an nan mu dubi ƙasar Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Ra'ayinmu shi ne, ambato yana nuna yawan masu zancen aiki ne kurum, ba ya nuna inda aikin ya kai.

2.0 Ziyolait da Aikinsa

Ziyolait wani ma'adini ne na silika da alumina, mai ƙofofi ƙanana ƙwarai kamar saƙar zuma. Axel Cronstedt, mutumin Suwidin, shi ya raɗa masa suna a 1756. A matatar mai, ziyolait yana yin aikin dillali: yana hanzarta fasa mai nauyin ɗanyen mai ya koma fetur, shi kuwa bai shiga cikin hajar ba. Charles Plank da Edward Rosinski na kamfanin Mobil a Amurka su suka kai shi matata a farkon shekarun 1960, fetur ɗin da ake samu daga kowace ganga ya ƙaru. Abin lura a nan shi ne, shaidar wannan aiki tana cikin takardun mallakar ƙirƙira da tankunan matatu, ba a mujallu kaɗai ba.

3.0 Asalin Ma'aunin

Eugene Garfield ya fito da kundin ƙidayar ambato a 1964, domin manazarci ya bi sawun wanda ya ɗora a kan aikin wani. A 2005 Jorge Hirsch ya kawo awonsa: wanda awonsa ya kai 20, yana da takardu 20 waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Ba mu musanta amfaninsa ba, domin yakan rage son kai wajen ƙarin girma. Amma ambato yana bin yawan ma'abota fanni. Kasuwar da ta cika ita ce mai hayaniya, ko da hajarta ba ta fi ta ƙauye ba.

4.0 Farar Ƙasar Ƙanƙara a Zariya

Manazarta a Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna harhaɗa ziyolait daga farar ƙasar Ƙanƙara ta Jihar Katsina. Aikin ba ƙarami ba ne. Sai an wanke ƙasar an raba ta da yashi, a gasa ta da wuta mai tsanani, sa'an nan a daidaita ta. Dalili kuwa, a farar ƙasa silikon da alminiyon kusan kunnen doki suke, irin ziyolait da matata ke so kuwa, watau samfurin Y, yana bukatar silika ta rinjaya. Masu damuwa da halin ƙasar Ƙanƙara a duniya 'yan ƙalilan ne, saboda haka ma'aunin ambato dole ya tauye wanda ya ƙarar da shekarunsa a kanta.

Sai dai tarke ba ya tsayawa ga yabo. A ganinmu, takarda da ta tsaya a kan cewa an sami ziyolait an kuma tabbatar da siffarsa, rabin aiki ta yi. Matata tambayoyinta daban ne. Shin zai jure tururi da zafin da ya kai digiri 700? Shin ƙarafan da ke cikin ɗanyen mai ba za su kashe shi ba? Nawa ne kuɗin tan guda? Amsa waɗannan yana cin shekaru, ya kuma haifar da takarda ɗaya tak, alhali wanda ya sauya zafin wuta sau biyar yana iya buga biyar. Daɗin daɗawa, matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, wadda ta fi cancanta ta zama fagen gwaji, ta shafe shekaru ba ta tace mai.

5.0 Darasi daga Anka da Bukkuyum

Ma'aunin yana kuskure ta ɗaya gefen ma. Ziyolait yana da wani hali ban da dillanci: yana tsotse dalma daga ruwa. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan masu haƙar zinariya, irin su Dareta da Abare a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, ƙaramar hukumar da Nasarawa Burkullu take ciki. Yara kimanin 400 suka rasu. Manazarci yana iya zuba dalma a kwalba, ya tsotse ta da ziyolait, ya sha ambato, domin masu irin wannan gwaji suna da yawa a duniya. Amma gubar ta fi shiga jikin yara ne ta ƙurar dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje. Abin da ya yi ceto shi ne kankare ƙasar tsakar gida a zuba sabuwa, kamar yadda aka yi a Bagega a 2013, da maganin da Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa ta ba yaran. Ƙidayar ambato ba ta iya bambanta kwalba da tsakar gida.

6.0 Kammalawa

Ba mu ce a jefar da ma'aunin ba. Ko Sanarwar San Francisco ta 2012 abin da ta nema shi ne a duba aikin kansa, a daina hukunci da sunan mujallar da ta buga shi. Shawararmu ga kwamitocin ƙarin girma ita ce, su nemi manazarci ya zaɓi ayyukansa uku, masana su karanta su, su kuma tambaye shi matsalar wa ya warware, da inda aka gwada sakamakon bayan ɗakin bincike. In ba haka ba, za mu yi ta ƙirga buhuna ba mu kwance bakin ko ɗaya ba.