Garso, Gwanin Zaɓar Filin Aure a Ƙasar Gishiri

A Kubwa, da zarar an sa rana, abin da ake fara nema shi ne zauren taro. Daga titin Gado Nasko zuwa Byazhin, ranar Asabar ba ka rasa rumfuna a kafe, janareta na ruri, motocin 'yan biki sun tare hanya. Har sana'a ta fito daga cikin lamarin, ta masu shirya biki, waɗanda za ka biya su ɗauke maka wahalar kujeru da mai hoto da mai kwalliya da abinci. Wasu matasan da hidimar ta ishe su kuma sun koma sha'awar abin da suke gani a Instagram: ango da amarya sun sulale sun bar dangi, suna tsaye a kan farin filin gishiri na Bonneville a jihar Utah ta Amurka, ko na Uyuni a Bolibiya wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 10,000. Daga su sai mai ɗaurin aure da mai hoto.

Ba sai an je Bolibiya ba. A jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar akwai garin Ingal, wanda ake zuwa ta Tawa da Abalak. Arewa da shi filin yumɓu ne na Irhazer, shimfiɗe iyakar ganinka, ƙasarsa da ruwansa duk da gishiri. Can ciki ne Tegidda-n-Tesemt take, inda ake jiƙa ƙasa da ruwan rijiya mai zartsi, a tace a zuba a ƙananan ramuka, rana ta shanye ruwan, mata su kwashe gishirin su dunƙula. Kowace shekara a ƙarshen damina, wajen watan Satumba, Buzaye da Fulani Woɗaaɓe, waɗanda mukan ce wa Bararoji, suna koro dabbobinsu zuwa wannan fili don lasar gishiri. Shi ne taron da ake kira Cure Salée. Mutanen da suka yi watanni a warwatse suna bin rijiyoyi, a nan suke haɗuwa, don haka a nan ake sauke nauyin aure da suna da aka tara tun rani.

To, wa ke shirya bikin da ba shi da zaure, ba famfo, ba kasuwa kusa, baƙin kuma kowa zai zo da garkensa? Woɗaaɓe suna da mutumin da suke kira garso. A asali aikinsa neman makiyaya ne. Shi ke hawa raƙumi ya yi gaba, ya dubo ƙasa, ya dawo ya faɗa wa dattawa abin da ya gani, su yanke shawarar inda za a yi ƙaura. Amma tunda ba a taro sai inda shanu za su ci su sha, maganarsa ce ke nuna inda za a yi biki da lokacin da za a yi.

Ka duba abin da yake aunawa. Bai isa ya ga fili ya yi kore ya ce an samu ba. Zai sauka ya tsinko ciyawa ya murza, ya ga ko ɗanya ce shakaf da ruwa ya yi mata yawa, ko ta fara ƙosawa ta ɗauki 'ya'ya, lokacin da take sa saniya ƙiba da nono. Zai duba ko ƙarangiya ta riga ta bushe, don idan ta bushe ƙayarta ba ta barin mutum ya zauna, balle a yi rawa. Zai zagaya tafki ya ƙiyasta ko ruwan zai ɗauki garke nawa, na kwana nawa, kafin kofato ya mai da shi taɓo. Zai lura da sawu da kashin dabbobi, ya gane ko wasu sun riga su sauka da kuma yaushe suka tashi. Sannan ga ita kanta ƙasar. Yumɓun Irhazer idan ya sha ruwa, mota mai ƙarfi ma nutsewa take yi, jaki da kaya kuwa sai dai a sauke masa a ja shi. Don haka masauki sai an nemi tudu ko jigawa, inda gado da ƙorai ba za su kwana cikin ruwa ba, amma kuma bai yi nisa da wurin lasa ba. Masu zuwa Bonneville ma an sha jawo motocinsu daga taɓon da ke ƙarƙashin ɓawon gishiri, duk da taswira da waya da suke riƙe da su. Garso ba ya riƙe da komai sai sanda da abin da ya haddace a kansa na shekarun baya.

Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin lokaci. Idan aka yi garaje, shanu ba su murmure daga ramar rani ba, babu nonon da za a tarbi baƙi da shi, bijimin da za a yanka kuma ƙashi ne da fata. Idan aka yi jinkiri, tafkuna sun ƙafe, kowa hankalinsa ya koma kudu wajen rijiyarsa. Tsakanin waɗannan biyu 'yan makonni ne kacal, kuma suna matsawa gaba ko baya gwargwadon yadda damina ta faɗi. Cikin wannan ɗan taƙi ne za a aika wa dangin da ke nesa, wasu tafiyar kwanaki, su iso a kan kari. Yanzu waya ta sauƙaƙa aike, in an samu inda take kamawa, amma ba ta sa saniya ta ƙara sauri ba.

Taron zuriya guda, inda ake bikin aure da suna, shi suke kira worso. Ranar da za a shiga masauki mata kan ɗora kayansu a kan takarkarai da jakuna cikin tsari, su iso su kafa gadaje a jere, kowace ta baje ƙoranta masu zane a kan dandamali don a gani. Wanda ya san jeren ɗakin amarya a Kano ba zai ji baƙunta ba. Auren da iyaye suka ƙulla tun yara suna ƙanana, koobgal, ana tabbatar da shi ne da yanka sa, a raba naman bisa ƙa'ida tsakanin dattawa da sauran jama'a. Duk wanda ya ci naman ya zama shaida. Babu katin gayyata, babu anko, amma shekara ashirin bayan nan za a samu wanda zai ce yana wurin.

Akwai kuma ɗaya auren, teegal, wanda shi ne na gudu na ainihi. Yawanci a lokacin gerewol ake ƙulla shi, sa'ad da zuriya biyu suka haɗu, samari suka shafe fuska suka jeru suna rawa suna nuna farin ido da haƙora. Namiji da mace daga zuriya daban su fahimci juna, su ajiye magana, dare ya yi su ɓace. Shi ma da shirinsa: raƙumi a ɗaure inda ba a zata ba, aboki da ya san hanya, 'yan uwan namijin kuma a shirye da dabbar da za a yanka da isowarsu, don da zarar an yanka an ci, maganar ta zauna ko da masu biyo sawu sun iso. Sai dai sau da yawa matar tana da miji, kuma takan tafi ta bar 'ya'yanta. Wannan aure kan aure ne, shari'a ba ta yarda da shi ba, kuma rigimar da yake haifarwa tsakanin zuriya ba ƙarama ba ce. Ba shi nake yabo ba. Hasali ma shi kansa ya nuna cewa ko wanda ya gudu da dare bai iya tsere wa jama'a ba, dole ya nemi dattawan da za su ci nama su tsaya masa.

A nan hoton Uyuni ya gaza. Mutum biyu su kaɗai a fili ba aure ba ne a wurinmu. A mazhabar Malikiyya sai da waliyyi, da shaidu biyu adalai, da siga, da sadaki wanda mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne. Amma ka ƙirga da kyau, mutum nawa ke nan? Mota ɗaya ta ɗauke su. Sauran duk ƙari ne da muka ɗora wa kanmu, har saurayin da ke fita Kubwa da asuba yana bin motar haya zuwa aiki cikin gari ya shekara uku yana tara kuɗin dina.

Gwanintar garso ita ce sanin abin da taro ba ya yiwuwa sai da shi, da auna shi da idonsa kafin ya buɗe baki, saboda in ya yi kuskure dukiyar dangi gaba ɗaya ce za ta kwana da ƙishirwa. Mai shirin aure a Kubwa, kafin ka je kama zaure, ka fara zama da waliyyin yarinya ku tsai da sadaki, ku zaɓi masallacin da za a ɗaura, ku ƙirga mutanen da za ku iya ciyarwa ba tare da cin bashi ba. Abin da ya rage a hannu, a biya kuɗin hayar gida da shi.