Biyayya ga Wa? Sharhi a kan "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" da Gardamar Cikin N.P.C.

Al'ada ce a makarantunmu na horon malamai, in an zo koyar da waƙoƙin siyasa na kafin 1966, a raba su kashi biyu, a ce waɗannan na N.P.C. ne masu riƙon sarauta, waɗancan kuwa na N.E.P.U. ne masu neman sawaba. Rabon yana da sauƙin haddacewa, amma akwai waƙa guda da ta ƙi shiga kowane kwando, watau "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" ta Malam Sa'adu Zungur, Allah ya ji ƙansa. A ganina, duk cikin rubutattun waƙoƙin Hausa babu wadda ta kai ta kāre sarauta da hujja, ga shi kuwa mai ita ya rasu a 1958 yana ɓangaren N.E.P.U. Nufina a wannan takarda in nuna dalilin da ya sa jam'iyyar masu riƙon sarauta ta kāsa riƙe mutumin da ya fi kowa iya kāre sarautar.

Sai mu tuna da asali. A cikin 1948 Dokta Dikko ya tara waɗansu ma'aikata a Zariya, aka kuma yi irin wannan taro a Kaduna. Ƙungiyoyin biyu suka haɗu suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa, suka yi babban taronsu na fari a Kaduna cikin Yuni 1949. Shugabanta Dokta Dikko Kirista ne, kuma Abubakar Imam da Aminu Kano da Sa'adu Zungur duk suna ciki. Abin da ta ɗaura wa yaƙi shi ne "ci" uku: jahilci da lalaci da zalunci.

Mai nazarin harshe ya kamata ya tsaya a kan kalmomin nan uku. Ɗafa-ƙeyarsu ɗaya, amma ba wuri ɗaya su ke nuni ba. Jahilci da lalaci ana iya ɗora wa talaka su, a buɗe masa ajin yaƙi da jahilci, a yi masa wa'azin noma, babu wanda zai ji haushi. Zalunci kuwa ba ya aukuwa sai da azzalumi, azzalumi kuma sai mai iko. Duk wanda ya riƙe "ci" na uku da gaske, lalle wata rana zai ambaci hakimi da alƙali da ɗan doka. A nan tsagar ta soma. Aka kafa N.E.P.U. a Kano ran 8 ga Agusta 1950, a taron Jos na Disamba na wannan shekara aka raba gari da samarin Kano masu zafin ra'ayi, a Oktoba 1951 kuma ƙungiyar ta zama jam'iyyar siyasa wadda sarakuna da manyan En'e suka yarda da ita.

A cikin wannan ƙura, wajen 1950, waƙar ta fito. Sunanta ma tambaya ne, da "ko" a tsakiya. Malam Sa'adu ya zaɓi mulukiya, amma da sharaɗi. Ya tuna wa sarakuna cewa gadonsu daga jihadin Shehu Usmanu ya taso, ya tsoratar da su da abin da ya sami sarakunan Indiya bayan 1947, sa'an nan ya nemi a gyara shari'a, a yaɗa ilmi, a yi mulki da shawara. Ƙarfin waƙar shi ne ba ta yi wa sarakuna kirari ba, ta yi musu nasiha irin ta malami ga almajirin da ya ke so. Rauninta biyu ne. Na ɗaya, ta jingina hujjarta ƙwarai a kan tsoron rinjayen mutanen Kudu, tsoro kuwa ya kan tara mutane amma ba ya gyara su. Na biyu, ba ta warware abin da za a yi in sarki ya ƙi nasihar ba. Ta wannan kafa Mudi Sipikin ya shigo da martaninsa, "Arewa Jumhuriya Kawai".

Me ya hana N.P.C. ɗaukar waƙar ta zama tutarta? Amsar tana cikin kalma ɗaya, biyayya, gama da ita jam'iyyar ta ke auna ɗanta na gaskiya. Saiwarta "bi", ɗafa-ƙeyarta "-ayya", irin ta soyayya da ƙiyayya da jayayya da tarayya. Sunayen nan galibi suna nuna aikin da a ke yi wa juna. Ba a jayayya da mutum ɗaya. Bisa ƙirarta, biyayya ma ta haka ce: talaka ya bi sarki, sarki ya bi shari'a da haƙƙin talaka. Wannan ita ce biyayyar da waƙar ta nema. Amma a bakin 'yan siyasar lokacin kalmar ta zama hanya mai zuwa sama kaɗai, har mai sharaɗi ya zama abin tuhuma. Shi ya sa Alhaji Ibrahim Imam, wanda ya riƙe sakatarenta, ya bar jam'iyyar a 1954.

Kalmar tana da wani ɓoyayyen lahani kuma. "Bi" aikatau ne mai neman karɓau: in ka ce na bi, sai a ce ka bi wa? Amma da zarar ya zama suna, sai karɓau ya ɓace. Ana iya cewa wane mai biyayya ne ba tare da an faɗi wanda ya ke bi ba. Muddin sarki da jam'iyya suna tafiya tare, babu mai tambaya. A 1963 suka rabu. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ginshiƙi ne na N.P.C., har ya taɓa riƙon Gwamnan Jihar Arewa, shi ne kuma jagoran Tijjanawa mabiya Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha. Gwamnatin Sardauna ta sa Bature Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano, Sarki ya yi murabus, aka kai shi Azare. Masu ƙaunarsa suka ware suka kafa K.P.P. Jiya wanda ya tsaya wa sarki shi ne ɗan jam'iyya na ƙwarai, yau wanda ya tsaya masa shi ne ɗan tawaye, alhali bai sake kome ba cikin halinsa.

Malaman da ke koyarwa a arewa maso yammacin Jigawa suna da misali a ƙofar gida. A wancan zamani Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura duk a Lardin Kano su ke, amma ba sarki ɗaya su ke bi ba. Ɓaɓura tana ƙarƙashin Sarkin Kano, saboda haka ɗan N.P.C. na can tilas ya zaɓa tsakanin sarkinsa da Firimiyansa. Takwaransa na Roni ko Gwiwa talakan Sarkin Kazaure ne, tambayar ba ta zo masa da wannan kaifi ba. Masarautar Kazaure ma a kan irin wannan tambaya aka kafa ta. Da Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819, Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a, aka yi ta gwabzawa har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya bar wa Kazaure zaman kanta. A idon Kano Ɗantunku mai tawaye ne, a idon Kazaure mai biyayya ne ga Sakkwato. Ɗalibin da ya gane wannan ya gane 1963.

Shawarata ga 'yan'uwa malamai ita ce a bar jefa waƙar nan cikin kwandon wata jam'iyya. A karanta ta a matsayin muryar ɗan gida mai gardama da 'yan gidansu kafin a rufe ƙofa. A sa ɗalibai su jera ta da martanin Mudi Sipikin, su nemo sharuɗɗan da ta gindaya wa sarakuna ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan su duba tarihin 1950 zuwa 1966 su ga wanne aka cika. In ɗalibi ya rubuta a takardar jarrabawa cewa N.P.C. jam'iyyar biyayya ce, kada malami ya soke, sai ya rubuta masa a gefe: biyayya ga wa? Allah ya sa mu dace.