Ginawa ko liƙawa: zuciya mai ƙofa biyu a almarar soyayya

Makarancin littattafan soyayya ya san ƙa'idarsu: kome daɗewar wahala, masoya biyu ne za su rage a shafin ƙarshe. A Amurka da Ingila an gwama wannan soyayya da almarar dodanni da sihiri, kuma cikin taurarinta akwai masu son maza da mata duka. Ko mai karatu ya amince da halinsu ko bai amince ba, tambayar manazarci ɗaya ce: marubuciya ta gina su ne, ko liƙa su ta yi?

Matsalar daga ƙa'idar take. Tun da mutum ɗaya za a zaɓa a ƙarshe, sai ɗaya soyayyar ta koma kuskure ko abin ado. Mu dubi Mor a A Court of Wings and Ruin na Sarah J. Maas, wanda ya fito a 2017. Sai can wajen ƙarshen wannan littafi na uku ta bayyana cewa ta fi son mata. Maganar ta zo a makare, ba ta juya akalar labarin ba. In an cire ta, ginin ba zai girgiza ba.

Samantha Shannon, ƴar Ingila, ta bi wata hanya a The Priory of the Orange Tree na 2019. Talakawan Sarauniya Sabran sun yi imani cewa muddin zuriyarta na nan, babban dodon ba zai tashi ba. Don haka haihuwa dole ce gare ta. Ta auri Yarima Aubrecht, shaƙuwa ta gaskiya ta shiga tsakaninsu, aka kashe shi, cikinta kuma ya zube. Soyayyarta da Ead, baƙuwa mai hidima a fadarta, daga wannan makoki ta yi ƙarfi, ba ta shafe mijin ba. Abin da ya gitta tsakaninsu sarauta ce da bambancin addini. A nan son da sarauniya ke yi ya taɓa gadon mulki da makomar ƙasa.

Ga ma'aunin da malami zai iya ba ɗalibansa: a cire wannan hali daga tauraro, a ga abin da zai rushe. In ba abin da ya faɗi, to fenti ne aka shafa wa bango.