Kalmomin kiɗa, wasa da zane a lakwal: daga ina za a fara?

Tun 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, aikin samar da kalmomin koyarwa ya fi bin hanya guda: a jera na Faransanci a hagu, a nemo musu takwarori a dama. A darasin lissafi dabarar ta biya bukata. A fannin kiɗa, rawa, wasa da zane kuwa, ita ce ke gurgunta darasi, domin nan Hausa ba ta zo hannu rabbana ba. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, kuskuren da a da ya tsaya a ƴan azuzuwa yana iya shiga littattafan Nijar baki ɗaya.

A ɗauki «musique». Akan fassara ta da kiɗa, a wuce. Alhali Bahaushe ba ya kaɗa algaita ko kakaki ko sarewa, busa su yake yi, waƙa kuma sunanta daban. Malamin da ya rubuta kiɗa kaɗai a allo ya kori masu busa da mawaƙa daga ajinsa bai sani ba. Asarar da ta fi wannan ita ce ta kalmomin da ba su da gurbi a hagu, don haka ba wanda zai neme su. Take yana cikinsu: jimla ce da kalangu ko tambari ke faɗa ta bin hawa da saukar muryar harshe, mai ita ya ji ya san da shi ake. Haka kirari, haka zuga. Amshi ma ya wuce «refrain», tun da ƴan amshi mutane ne masu matsayi da rabo a cikin ƙungiya. David Ames da Anthony King sun gane haka a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa na 1971, inda suka tsara kalmomi bisa kayan kiɗa, masu sana'ar, iyayen gidansu da lokutan da ake yi. Littafin da Ingilishi yake, a Nijeriya kuma aka tattara shi, amma tsarinsa ya fi na jerin hagu da dama gaskiya.

Akwai wata kalma da ake kauce wa da gangan, wato maroƙi. Ana gudun kada iyaye su ce an kai ɗansu lakwal an mai da shi maroƙi, sai a fake da «artiste». Tsoron yana da dalili. Sai dai yaron da ba a bayyana masa bambancin makaɗi, mawaƙi da maroƙi ba, ba zai fahimci abin da ya gani a fada ko a gidan biki ba.

A wasan kwaikwayo, wanda ƴan Nijar suka fi sani da teyatur, matsalar ta takarda ce. Jerin Faransanci yana farawa da rubutaccen wasa, da marubuci, da haddar magana. Ƙungiyar Yazi Dogo da ire-irenta, waɗanda Janet Beik ta nazarta a littafinta na 1987, sukan daidaita kan labari ne, kowane ɗan wasa ya ƙago maganarsa a fage. In aka koya wa ɗalibi cewa wasa daga alƙalami yake farawa, ina za a ajiye tashe da wasan kara?

Fasaha, wadda ta fi dacewa da «art», tuni masu cewa kimiyya da fasaha suka tafi da ita, har ɗalibi ya ji ta ya tuna injin. Zane shi kaɗai ake ɗora wa «dessin» da «design», ga shi a rubuce bai bambanta da zanen ɗaurawa ba. Maginan da suka yi adon bangayen unguwar Birni a Damagaram, da masu ɗinkin aska takwas, suna da sunan kowane siffa da suke fitarwa, irin su dagi. Su ya kamata a fara tambaya. Rawa ba ta da wuyar fassara, sunayen ire-irenta ne ba sa samun shiga.

Aro yana da wurinsa. Gita da piyano da alamomin rubuta sauti baƙi ne, su zauna da sunayensu. Sauran kuwa, cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai ta adana kayan kiɗan gargajiya masu yawa, makaɗan da suka san sunan kowane sashe nasu kuma suna Maraɗi da Tawa.