Yaƙe da Bambaraƙwai a Zanen Zamani: Mizani Daga Karkarar Kano ta Arewa

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba wani salo da ya yi ƙarfi a zanen zamani, wato sanya mai kallo dariya a kan abin da ya kamata ya sa shi kuka. Wasu manazarta sukan danganta asalin salon da Turai, musamman ƙungiyar Dada da ta ɓulla a birnin Zurik a 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mu kuwa muna ganin Bahaushe yana da kalmominsa na auna irin wannan aiki. Ta farko ita ce yaƙe, murmushin da ya fi kuka ciwo. Ta biyu ita ce bambaraƙwai, wadda karin magana ta misalta da namiji mai suna Hajara.

2.0 Tushen Salon a Karkara

Duk wanda ya san ƙasar Bichi da Dawakin Tofa da Ɗambatta da Minjibir ya san gona na gogar gona, ana nome kusan kowane taƙi kowace shekara, a kai masa taki a kan jaki tun da rani. Idan damina ta yi gardama a irin wannan wuri, babu dajin da za a faɗa. Duk da haka manoman ƙasar Hausa sukan raɗa wa yunwa suna kamar jaririya: ta 1914 aka ce Kakalaba, ta 1942 aka ce 'Yar Gusau. Laƙaba wa bala'i sunan wasa hanya ce ta rage masa kwarjini ba tare da an musanta ɓarnarsa ba. Haka nan a wasan tashe yaro yakan liƙa gemun auduga ya kwaikwayi tsoho, kuma wawan sarki yakan faɗi a fada abin da hakimi ba zai iya faɗa ba. Abin lura shi ne, a mafi yawan waɗannan misalai dariyar daga ƙasa take tashi ta nufi sama.

3.0 Gani Odutokun da Barkwancin Sarki

Gani Odutokun, wanda aka haifa a Gana a 1946, ya koyar a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, har zuwa rasuwarsa a haɗarin mota a 1995. A 1990, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, ya yi wani zane da za mu fassara sunansa da "Sarki Yana Barkwanci da Janar-janar Ɗinsa".

Tun daga sunan aka juya al'ada. A fada, wawa ke barkwanci sarki ya yi dariya in ya ga dama. A nan sarki ne da kansa ya karɓe aikin wawa, don haka dariya ta zama dole a kan fadawa, wanda bai dara ba ya jawo wa kansa zargi. Bugu da ƙari, zane ba ya magana. Mai kallo ba zai taɓa jin abin da sarkin ya faɗa ba. An bar talaka a waje ke nan, yana ganin haƙora, bai san ko da shi ake ba. Idan muka tuna an harbe Janar Mamman Vatsa, abokin shugaban tun ƙuruciya, a 1986, kuma an kashe sojoji da dama bayan yunƙurin juyin mulkin Manjo Gideon Orkar na watan Afrilun 1990, za mu gane cewa dariyar waɗannan fadawa yaƙe ce, domin kowannensu ya san takobin da ya ci ɗan'uwansa bai koma kube ba.

Sai dai muna da ƙorafi guda. Aikin ya ɗauki makamin talaka, amma ya tsaya a ɗakunan baje koli da littattafan masana. Manomin da ya kai gero kasuwar Dawanau, wanda ya fi kowa iya karanta yaƙe a fuskar mutum, da wuya ya taɓa ganinsa.

4.0 Zanen Barkwanci na Jarida

Wannan giɓi shi masu zanen jarida suka rage. Zane-zanen Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust, waɗanda sukan taɓo 'yan siyasa da tsadar rayuwa da rashin tsaro, suna yawo a wayoyin hannu har ƙauye, kuma mafi yawansu ana fahimtarsu ko ba a iya Turanci ba. Amma a nan ma akwai hatsari ga duk mai bin wannan hanya. Mutanen Tsanyawa da Shanono da suka ga hare-haren 'yan bindiga a 2025 ba za su kalli zanen satar mutane da idon mazaunin Abuja ba. Idan mai zane ya mai da wanda aka sace abin dariya, ya ƙara gishiri a miki. Idan kuwa ya nuna shirmen wanda aka ɗora wa amanar tsaro, ya yi aikin wawan sarki na gaskiya.

5.0 Kammalawa

Mizanin da muke ba da shawara a yi amfani da shi tambayoyi biyu ne: wa ake yi wa dariyar, kuma wa ya samu ganin zanen? Odutokun ya ci ta farko, ta biyu ta gagare shi. Muna kira ga sassan Hausa da na zane a jami'o'inmu su haɗa hannu a kai irin waɗannan ayyuka gaban manoma a ranar kasuwa, a rubuta fassarar da za su yi musu da bakinsu, domin a nan za mu gane ko yaƙen da mai zane ya nufa shi ne wanda suka sani.